Yadda na bi diddigin tsallen tayoyin gaba a ƙarshen sitiyari

Motar da nake magana a kanta 'yar Kwatano ce, daga cikin masu tudun nan da ke jan ƙafa huɗu a kodayaushe, kuma ta zo da rim mai inci 20 da tayoyi masu faɗi da aka rubuta 255/45 a gefensu. A kan titi ba ta da abin kushewa: ba ta ja gefe, sitiyarinta ba ya rawa, kuma tana shan kwana yadda ake so. Matsalarta a wuri guda take fitowa. Idan aka murɗa sitiyari har ya kai ƙarshe, ana tafiya a hankali, ko gaba ko ribas, sai ƙafafun gaba su riƙa yin wani irin tsalle zuwa gefe, a ji ƙarar "gaf, gaf, gaf" daga ƙasa, motar ta ɗan girgiza, girgizar ta hau har tafin hannun direba. Abin ya fi tsanani da sassafe a cikin hunturu, musamman a kan intalok ko siminti mai santsi, kuma yakan ragu sosai bayan an yi tafiya mai ɗan nisa. Da yake harabar gidanmu a Kano ƙunci gare ta, kuma ba a fita daga cikinta sai an kai sitiyari ƙurya, kullum sai na ji wannan ƙara, har maƙwabcina ya fara tambayata ko wani ƙarfe ne ya karye a ƙarƙashin motar.

Wurin makanike na fara zuwa, kamar yadda kowa zai yi. Dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, kuma tun kafin in gama bayani yaran garejin suka yanke hukunci cewa kan shaf, wato mahaɗin da ke bakin sandar da ke juya ƙafa, shi ne ya mutu, ɗaya daga cikinsu har ya fara lissafin kuɗin da za a ba shi ya je kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa ya sayo wani. Zaton nasu yana da tushe, domin a mafi yawan motocin da ke shigowa garejin, ƙara a lokacin shan kwana daga nan take fitowa. Maigidan nasu dai bai amince ba. Ya ce mini, "Alhaji, bari mu ji da kunnenmu tukuna, kada mu sa ka sayi abin da ba shi ne ciwon ba." Ya sa aka hau da motar kan rami, ya haska fitila ya duba robobin shaf na ciki da na waje a ɓangarorin biyu, ya tarar ba wadda ta yage, kuma babu alamar girisin da ya fantsama a jikin rim ko a cikin madigadi. Daga nan aka ɗaga gaban motar da jak, ya kama kowace taya ta sama da ƙasa ya jijjiga, ya sake kamawa ta dama da hagu ya jijjiga, yana neman wasa a boljoyin ko boris ko tayarod, wato sandar da ke isar da murɗin sitiyari ga ƙafa. Bai sami komai ba. Ya kuma sa aka murɗa sitiyari har ƙarshe, ya zura hannu ya shafa robar cikin madigadi ko taya tana gogarta, can ma babu ko ƙwarzane.

Gwajin da ya raba gardama mai sauƙi ne. Ya sa aka kai motar wani fili mai daɓen siminti a bayan garejin, na murɗa sitiyari har ƙarshe, na sa giya a firi inji yana aiki, yara suka tura ta a hankali. Hujjarsa ita ce, kan shaf da ya ci yakan yi ƙara siririya mai jeri, "kat-kat-kat", wadda take bin juyin ƙafa, tana ƙaruwa idan an taka totur, tana kuma lafawa idan inji ba ya ja. Tawa ƙarar ba ta damu da totur ba. Ana tura motar sai ga tsallen ya fito yadda ya saba, kuma da na sauka na bar wani a kan sitiyari na tsaya ina kallo, na gani da idona: tayar gaba ta waje tana tafiya, gefenta yana ɗan lanƙwasa a hankali, sannan farat ɗaya ta zame gefe da ɗan taƙi kaɗan ta miƙe, ta sake fara lanƙwasa. Ƙarar daga tsakanin roba da siminti take fitowa, babu ƙarfen da ke bugun wani ƙarfe. Da aka sassauta sitiyarin da kimanin rubu'in juyi, tsallen ya ɓace gaba ɗaya.

Akwai wani abin zargi na biyu da dattijon ya so ya kawar, saboda motar mai jan ƙafa huɗu ce. Duk wanda ya taɓa tuƙa Hilux ko makamanciyarta ya san abin da ke faruwa idan aka manta giyar ogzilari, wato giyar da ke sa ƙafa huɗu su ja, a ciki aka hau kwalta: da an zo kwana mai tsauri sai motar ta ƙage, ta yi nauyi kamar an taka birki, tayoyi su riƙa kartar ƙasa. Dalilin shi ne irin waɗannan motoci suna ɗaure shaf na gaba da na baya wuri guda, su tilasta musu juyi iri ɗaya, alhali a cikin kwana ƙafafun gaba suna cin tafiya fiye da na baya. A kan yashi ko laka tayoyin suna zamewa su sauke wannan bambanci ba tare da an ji ba, amma a kan kwalta sai ya taru a cikin ƙarafan giya, har wani lokaci ogzilarin ya ƙi fita sai an ɗan yi ribas. Motocin da ke jan ƙafa huɗu kodayaushe suna da wata na'ura a tsakiya, ko ta haƙora ko ta kuloci, da ke barin gaba da baya su yi juyi daban, kuma idan ta lalace ko aka sa mata man da ba nata ba, takan kawo irin wancan ƙagewa. Saboda haka ya sa na zagaya da'ira a giya ba tare da na taɓa totur ba. Motar ta tafi da kanta ba ta yi nauyi ba, kuma tayoyin baya suna birgima lafiya, ba ja ba karta. Ya kuma sa yaro ya zagaya kowace taya da igiya ya gwada, ko wata ta fi wata girma, domin tayoyi masu bambancin girma suna wahalar da wannan na'ura ko a miƙaƙƙiyar hanya. Duka huɗun sun zo kusan daidai, wajen mita 2.3 kowace.

A nan aikin makanike ya ƙare, kuma ya faɗa mini gaskiya cewa bai ga abin da zai kwance ba. Ni kuwa hankalina ya tafi ga daɓen da muka zagaya. Ƙurar hunturu ta lulluɓe shi, kuma tayoyin sun bar sawu huɗu a kanta, da'ira cikin da'ira, babu biyun da suka hau juna. Sawun tayoyin baya ya fito sarai da zanen taya a jikinsa, amma na gaba a goge yake, kuma a wurare da dama ana ganin inda tayar ta share ƙura zuwa gefe. Da yake lissafi nake koyarwa, na karɓi tef na auna tsakanin ƙafar gaba da ta baya, na sami kimanin mita 2.9, na auna tsakanin ƙafafun gaba biyu, na sami kimanin mita 1.6, na tafi gida da waɗannan alƙaluma biyu.

Mota mai shan kwana tana zagaya wata cibiya ce guda, kuma da yake ƙafafun baya ba sa karkata, dole wannan cibiya ta kasance a kan layin da ya ratsa aksul na baya ya zarce zuwa gefen da ake juyawa. Kafin kowace taya ta birgima ba tare da karta ba, sai ta fuskanci hanyar da'irarta, wato idan aka ja layi daga tsakiyarta zuwa gefe, a gicciye da inda ta fuskanta, dole ya je ya sami wannan cibiya. Tayar gaba ta ciki ta fi kusa da cibiyar, don haka da'irarta ƙarama ce kuma tana buƙatar karkata sosai, ta waje kuwa da'irarta babba ce kuma karkatarta kaɗan ce. Da na ɗauka cewa ta ciki ta karkata digiri 40, wanda ba ya nesa da iyakar irin waɗannan motoci, lissafi ya nuna cewa ta waje ya kamata ta tsaya a wajen digiri 30. Bambancin digiri 10 ke nan tsakanin tayoyi biyu da sitiyari ɗaya ke turawa. A zagaye guda na irin wannan da'ira, tayar baya ta ciki za ta ci kimanin mita 22, ta gaba ta ciki mita 28, ta baya ta waje mita 32, ta gaba ta waje kuwa kusan mita 37. Idan aka haɗa na gaba biyu aka kwatanta da na baya biyu, za a ga na gaba sun fi cin tafiya da kimanin kashi ɗaya cikin biyar, kuma wannan shi ne girman abin da ke taruwa a cikin giyar motar da aka bari a ogzilari a kan kwalta.

Wannan matsala ta girmi mota kanta. Wani maƙerin kekunan doki a birnin Munik na Jamus mai suna Georg Lankensperger ne ya ƙera tsarin da ke sa ƙafar ciki ta fi ta waje karkata, kuma wakilinsa Rudolph Ackermann ya yi wa tsarin rajista a Ingila a 1818, shi ya sa har yau sunan Ackermann ake kiransa da shi, ba na wanda ya ƙera ba. Dabarar ita ce a karkatar da hannuwan da tayarod ke kamawa, ta yadda idan aka ja layi daga kowannensu za su je su haɗu a wajen tsakiyar aksul na baya. Da wannan 'yar karkata, tafiya iri ɗaya ta sandar sitiyari sai ta juya ƙafar ciki fiye da ta waje, kuma bambancin yana ƙaruwa gwargwadon yadda ake ƙara murɗawa.

Abin da ban sani ba kafin wannan bincike shi ne, kusan babu motar zamani da ke bin wannan lissafi ɗari bisa ɗari, kuma da gangan ake kauce masa. Shi kansa tsarin hannuwan ba ya iya ba da amsar da ta dace a kowace kusurwa. Yakan yi daidai a wani wuri, ya kauce kaɗan a sauran. Sannan lissafin da na yi a takarda na motar da ke tafiyar hawainiya ne. Idan mota tana gudu a kwana, nauyinta yana komawa kan tayoyin waje, kuma kowace taya tana tafiya ne da 'yar karkata tsakanin inda ta fuskanta da inda take dosa, saboda haka cibiyar juyawar tana matsawa gaba, lissafin ya canja. Tayar waje da ta ɗauki nauyi tana son ƙarin karkata fiye da abin da Ackermann ya ba ta, har ma wasu motocin tsere ana saita su ta waje ta fi ta ciki karkata. Akwai kuma batun wuri. A gaban mota mai jan ƙafa huɗu, inji da giya da shaf biyu da akwatin haƙoran aksul na gaba duk suna gasar wuri da sandar sitiyari, kuma inda aka sami damar ajiye ta shi ke yanke yadda hannuwan za su kasance. Ƙari a kan haka, ƙafar ciki tana da iyakar da ba za ta wuce ba, saboda jikin mota da kuma iyakar lanƙwasar kan shaf, don haka mai ƙira da ke son doguwar mota ta juya a ƙaramin fili yakan ƙara wa ƙafar waje karkata fiye da ƙa'ida.

Sakamakon wannan zaɓi a ƙarshen sitiyari yake bayyana. A ce ƙafar waje ta karkata digiri 34 a inda lissafi ke son 30. Wannan kuskure na digiri 4 yana nufin cewa a kowace mita guda da motar ta tafi, hanyar da tayar ke so da hanyar da motar ke bi suna rabuwa da kimanin santimita 7. Tayoyin gaba biyu suna ɗaure da jiki ɗaya, kowace tana son tata cibiyar, kuma ba wadda za ta samu. Roba ba ta zamewa nan take. Ɓangaren da ke taɓa ƙasa yana riƙe wurinsa, gefen tayar da zanenta suna murɗewa suna tara ƙarfi, har ƙarfin ya rinjayi riƙon, sai ta saki gaba ɗaya ta yi tsalle zuwa inda ya kamata ta kasance, ta sake kama ƙasa. Haka teburi mai takalmin roba yake yi idan ana jansa a kan daɓe: ba ya tafiya sumul, sai dai ya riƙe ya saki, ya riƙe ya saki. Kowace "gaf" da nake ji saki guda ne.

Sauran tambayar ita ce dalilin da ya sa ƙananan motocin da na tuƙa a baya ba su taɓa yin haka ba, alhali su ma ba su cika lissafin ba. Amsar tana jikin taya. Lambar 45 da ke gefen tawa tana nufin tsayin gefen tayar kashi 45 cikin ɗari ne na faɗinta, wato kimanin milimita 115, kuma gefe ne mai tauri da aka yi don kada ya lanƙwasa a kwana. Tayar 265/65 da ake yawan gani a manyan akori-kura tana da gefe mai tsayin milimita 172, wanda ke iya shanye murɗewa mai yawa ya sake ta sannu a hankali ba tare da direba ya ji ba. Faɗin ma yana da nasa laifin, domin a da'ira mai nisan mita 4.5 daga cibiya, bakin waje na taya mai faɗin milimita 255 yana da tafiyar da ta fi ta bakin ciki da fiye da kashi 5 cikin ɗari, alhali jiki ɗaya ne da ke juyi ɗaya, saboda haka ko da saitin ƙafafu ya cika cif, wani ɓangare na tayar sai ya goga. Kuma idan aka kai sitiyari ƙarshe ƙafar takan ɗan kwanta, saboda sandar da take juyawa a kanta ba a miƙe take ba, sai nauyin ya koma kan kafaɗar tayar maimakon ya bazu a faɗinta duka.

Sanyi shi ne na ƙarshe. Robar tayoyin da aka yi don lokacin zafi a Turai tana taurarewa idan gari ya yi sanyi, kuma masu yin taya a can sukan ɗauki digiri 7 a ma'aunin Salshiyas a matsayin inda ya kamata a koma tayar hunturu. Roba mai tauri ba ta miƙewa, kuma riƙonta ya ragu, don haka tana saurin saki da ƙarfi. Wannan ne ya sa ƙorafin ya fi yawa a ƙasashen sanyi. A Ingila, wajen 2017, masu motar Mercedes GLC sun yi ta kuka da wannan tsalle, kuma kamfanin ya bayyana cewa a motocin da sitiyarinsu ke dama, wurin da akwatin haƙoran aksul na gaba yake ya sa kusurwar sitiyarin ta ɗan bambanta da ta masu sitiyari a hagu, cewa abin ya fi fitowa a sanyi da manyan rim, kuma maganin da ya bayar shi ne sauya tayoyin da waɗanda aka yi don kowane yanayi. Littafin mai mota na Chevrolet Corvette ma ya ambaci wannan tsalle a matsayin abin da aka saba gani a tsauraran kwana a hankali. Sanyin Kano dai ba ya kai na Turai, ko da yake da asuba a watan Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 15, don haka na fahimci cewa akwai wani abu da ke taimakon sanyin a kan tayoyina.

Kafin in koma kan tayoyin, na je wurin masu saitin ƙafa da kwamfuta, domin akwai lahani na gaske da ke iya ƙara wa wannan kuskure girma. Idan mota ta faɗa rami da ƙarfi har hannun da tayarod ke kamawa ya lanƙwashe, ko kuma wani ya taɓa daidaita sitiyari ta hanyar ƙara tsawon tayarod ɗaya da rage ɗaya fiye da kima, to a miƙe komai zai yi kyau, amma a kwana bambancin ƙafafun zai lalace, kuma yawanci a gefe ɗaya zai fi muni. Yawancin masu wannan aiki a miƙe kawai suke aunawa su sallami mutum. Na roƙi matashin da ke kan na'urar ya ɗora ƙafafun gaba a kan faifan da ke juyawa, ya karanta mini kusurwar kowace ƙafa a ƙarshen sitiyari, dama da hagu. Ya ce, "Yallaɓai, ba a cika tambayarmu wannan ba, amma injin yana nunawa." Abin da ya fito ya kwantar mini da hankali ta fuska ɗaya: alƙaluman dama da na hagu sun yi daidai da juna, alamar ba abin da ya lanƙwashe. Ta ɗaya fuskar kuma ya tabbatar da zatona, domin bambancin ƙafar ciki da ta waje bai kai digiri 10 ɗin da na lissafa ba, ya tsaya a ɗan sama da rabinsa. Saitin miƙe ya ɗan kauce kaɗan, ya gyara shi, amma ya gaya mini tun kafin in tambaya cewa babu wani noti da zai murɗa ya canja bambancin kwana, domin a jikin ƙarfen aka ƙera shi.

Mai facin da ke kusa da wurin ne ya nuna mini sauran. Da farko ya sa geji ya tarar iskar tayoyin gaba ta wuce abin da aka rubuta a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, abin da ba baƙo ba ne a nan, tun da yawancin masu ba da iska lamba ɗaya suke ba kowace mota. Iska mai yawa tana ƙara wa taya tauri. Da aka rage ta zuwa ƙa'ida tsallen ya ɗan yi laushi, amma bai tafi ba. Sannan ya nuna mini lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ke farawa da DOT a gefen taya, waɗanda biyun farko ke nuna mako, biyun ƙarshe kuma shekarar da aka yi ta. Misali 2316 na nufin mako na 23 a 2016. Tayoyina sun kwana biyu ƙwarai, ko da yake zanensu bai cinye ba, kuma da ya danna farce a jikin robar ko alama bai bari ba. Akwai kuma ƙananan tsage-tsage a cikin ramukan zanen. Roba tana taurarewa da shekaru, zafin rana irin namu kuma yana gaggauta hakan, saboda haka tsohuwar taya a sanyin digiri 14 tana iya yin halin da sabuwa ba za ta yi ba sai an kusa daskarewa.

Wani ya ba ni shawarar in nemi tayoyin Baljiyam masu alamar dusar ƙanƙara a gefe, tun da robarsu laushi gare ta kuma suna da araha. Gaskiya ne za su iya kashe tsallen, amma ban karɓi shawarar ba, kuma ba na ba kowa ita. Waɗannan tayoyi don sanyin Turai aka yi su, a kan kwaltarmu ta watan Afrilu suna saurin cinyewa kuma birki yana ƙara nisa a kansu, bayan cewa yawancinsu sun tsufa kafin su iso. Sayen haɗari a kan babbar hanya domin kawar da ƙarar da ba ta cutar da komai a tsakar gida ba ciniki ba ne.

Zaɓi biyu suka rage: in sayi sababbin tayoyi a girman da ke kai, ko in sauka zuwa ƙaramin rim mai taya mai tsayin gefe. Takardar jikin ƙofa ta lissafa girma fiye da ɗaya da motar ke karɓa, ciki har da 235/60 a kan rim mai inci 18. Na lissafa tsayin ƙafar gaba ɗaya, na ga tsohon girman yana ba da kimanin milimita 738, sabon kuma 739, wato mitar gudu da na'urorin birki ba za su ga wani bambanci ba, amma gefen tayar ya tashi daga milimita 115 zuwa 141, faɗin kuma ya ragu da milimita 20. Kafin in biya kuɗi na sa an gwada rim ɗaya a ƙafar gaba domin a tabbatar bai taɓa gidan birki ba, domin wasu motocin masu manyan birki ba sa karɓar ƙaramin rim ko da ramukan notin sun yi daidai. Na sayi huɗu iri ɗaya, na duba shekarar kowace da kaina, domin mota mai jan ƙafa huɗu ba ta son a gauraya mata. Masu son kwalliya sun ce na rage wa motar kyau, kuma ban musa ba, sai dai a titunan da muke bi manyan rim masu siririyar taya ba su da wata riba da ta wuce kallo.

Bayan sauyin, tsallen mai girgiza mota ya tafi. Kuskuren kusurwar yana nan yadda aka ƙera shi, kuma tayoyin gaba har yanzu suna goga a ƙarshen sitiyari, sai dai yanzu robar tana shanye gogar ta sake ta a hankali. A kan siminti mai sheƙi irin na gidajen mai akan ji 'yar ƙara siririya, kuma a safiya mai tsananin sanyi nakan ji ɗan motsi sau ɗaya ko biyu kafin tayoyin su ɗumama. Inda fili ya ba da dama nakan sassauta sitiyarin kaɗan daga ƙarshe, abin da dattijon makanike ya ce yana da amfani ta wata fuskar ma, domin a motoci masu famfon man sitiyari, riƙe shi a ƙurya na tsawon lokaci yana sa famfon ya yi kuka man kuma ya yi zafi. Da yake goga ce ke cin kafaɗar taya, na sa ana musanya na gaba da na baya lokaci-lokaci, kuma a musanyar farko mai facin ya bi zanen tayoyin gaba da ma'auni daga baki zuwa baki, ya tarar kafaɗun waje sun ɗan fi tsakiya ci, amma ba fiye da abin da ake gani a kowace mota mai yawan zirga-zirga a cikin gari ba.